Sakin Layi na Sha Huɗu

Ƙarfe bakwai da rabi, Lisbon na hamma,
taragon lantarki na hawan tudu yana nishi.
Hannuna ɗaya na riƙe da ƙarfen sama,
ɗayan na rungume da fayil mai shafi casa'in da biyu.
Shekara uku ke nan ina yi wa doka ɗinki,
biro ne allurata, waƙafi ne zarena.

Ofishinmu na hawa na huɗu, taga na kallon Tejo,
sai dai kabad ya cinye rabin kogin.
Duarte ya shigo da kofi biyu, ɗaya ya huce.
Ya ce, Graça, lauyoyin kamfani sun iso,
yau su bakwai ne.
Mu biyu ne. Jiya ma mu biyu ne.

Rigimar duk a kan kalma ɗaya take.
Mun rubuta: in na'ura ta yanke wa mutum hukunci,
dole ɗan Adam ya sake dubawa.
Su kuma so suke a zare dole,
a dasa "in hali ya yi" a gurbinta.
Masu ladabi ne, takalmansu ba sa ƙara.
Babbansu ya ce ƙirƙirarriyar basirarsu
ba ta kuskure sai sau ɗaya a dubu,
ya faɗa kamar mai miƙa tukuici.

Ni na san ɗayar nan.
Benedita Carrapiço, daga Olhão.
Shekara talatin da ɗaya tana fille kan sadin a masana'anta
har yatsunta suka ƙi miƙewa.
Na'ura ta haɗa sunanta da na wata mamaciya,
ta toshe mata fansho.
Wata biyar tana buga waya,
wata murya mai zaƙi na cewa danna ɗaya, danna uku.
Da ta gaji, ta yagi takarda a littafin jikanta:
"Ranku ya daɗe, ban mutu ba."
Ta sa hannu,
ta haɗo hotonta riƙe da jaridar ranar.

Wasiƙar na cikin durowata, ƙarƙashin maganin ciwon kai.
Ban taɓa karanta ta a taro ba.
An koya mana hawaye ba hujja ba ne,
don haka na mai da Benedita alƙaluma,
na zana ta a jadawali, shafi na hamsin da takwas,
na yi magana minti shida.
Mataimakin minista ya dubi agogo sau biyu,
a na ukun ya dube ni.

Da rana ta karkata aka yi sulhu.
Dole ta tsira,
amma an ɗaura mata wutsiya: "cikin kwana sittin."
Goma na nema.
Kwana sittin kuɗin haya biyu ne,
da bashin mai burodi, da kunyar gaishe shi.
Duarte ya ce, da babu gara ba daɗi.
Na tattara takarduna, ban ce masa ƙala ba,
don gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ƙona ni.

Babu wanda zai san sunanmu.
In aikin ya yi kyau, abin da zai faru shi ne
wata tsohuwa za ta ɗaga waya, mutum ya amsa,
ta yi masa faɗa, ta ajiye, ta ɗora tukunya.

Da dare mahaifiyata ta kira daga ƙauye.
Me kika yi yau?
Na tsare kalma ɗaya, Mama.
Ta yi shiru, sannan ta ce, kin dai ci abinci?

Kafin in kwanta na buɗe daftarin.
Manhajar gyaran rubutu ta ja layi ƙarƙashin dole,
ta ce kalmar ta yi kaushi,
ga wasu uku masu laushi, in zaɓa.
Na bar ta yadda take.
Gobe sakin layi na sha biyar,
kuma na ji an ce su tara za su zo.