Ana Neman Masu Jin Sanyi

Mun manna takarda a ƙofar ɗakin taro, Rijiyar Ɗorowa:
ana neman mutum goma sha tara,
wasan Rasha ne, na zamanin da sarkinsu bai faɗi ba.
Babu kuɗi. Akwai shayi.

Watan Afrilu ne. Kwalta na laushi a Gawon Nama,
fanka ta tsaya tun azahar.
Ni ga rajista, Malama Kulu ga rubutun wasa,
tana fifita da shafi na arba'in.

Labarin tashar jirgi ne da ƙanƙara ta toshe,
mutanen ƙauye sun kwana uku suna jiran wasiƙa.
Abin da muke roƙo kaɗan ne:
sa kwat ɗin gwanjon nan, ka ji sanyi.

Modi baduku ya fara.
Ya karkaɗa kafaɗa, ya haɗa haƙora,
gumi na sauka daga haɓa zuwa kwala.
Malama ta ce, na gaba.

Luba ta zo daga aikin dare a asibiti,
ƙamshin magani bai bar hannunta ba.
Aka ba ta matar da yaƙi ya riƙe wa miji.
Ba ta yi kuka ba.
Ta ninke mayafi sau huɗu, ta ajiye a gefen benci,
gefen da babu kowa.
Na sa alama gaban sunanta tun ba a ce in sa ba.

Tagwayen Runjin Sambo soja suke so,
bindigar katako kuwa ɗaya ce gare mu.
Suka ce karɓa-karɓa za su yi,
ai ko a gida haka suke da keke.

Wani ɗalibi ya tunkari sunan mai gidan waya,
harshensa ya harɗe a gaɓa ta uku,
ya sake, ya harɗe,
muka yi sulhu a kan Malam Fiyodo.

La'asar ta yi, mutum talatin sun yi rawar ɗari,
duk zazzaɓi ne muka gani.

Sai murya ta taga.
Ladan Jabbi ne, tsohon da ke gyara mana famfo,
sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu:
"Wanga ba sanyi na ba, masassara ta.
Shekara shidda niy yi can, karatun injin ban-ruwa.
Sanyin gaske ba shi girgiza mutum,
tsai da shi shikai."

Ya shigo bai nemi kwat ba.
Ya cusa hannuwa a hammata,
wuya ya nutse cikin kafaɗu,
numfashi ƙanana-ƙanana, kamar mai tsoron ya ƙare.
Ya kafa ido inda layin dogo zai kasance.
Ɗakin ya yi tsit.
Tsikar jikina ta tashi, riga na manne da bayana,
Malama ta manta da fifita.

Ta ce, Baba, akwai wani tsoho a wasan.
Ba ya cewa uffan, farko har ƙarshe.
Yana zaune kan akwati
yana jiran takarda daga hukuma.

Ya yi dariya, haƙori ɗaya na azurfa:
"Shekara goma sha ɗaya nika jiran ta fansho.
Wane akwati na?"

Na rubuta sunansa, hannuna ya jiƙa shafin.
Ya koma ga famfonsa,
can muka ji ruwa ya yi tari, ya zubo.

Na ƙirga: sha bakwai.
Saura mai sayar da burodi,
da wanda zai tsaya bayan labule
ya yi kukan jirgin da ba zai iso ba.