Allon Gwaggo Bara'atu

Shekara goma sha tara Gwaggo Bara'atu ta yi
tana buga takardun haihuwa a ofishin magajin gari.
Ranar da ta aje aiki, allon haruffan ya biyo ta gida a leda,
A da E sun goge sumul kamar bakin turmi,
ga ɗigon lalle a kan dogon maɓallin tazara.

Na roƙe ta shi. Ta ce, me za ka rubuta?
Na ce ba rubutu ba ne.
Ta dube ni, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

A rumfata ta Ali Ɗan Sofo na kifa shi,
na kwance ƙusa goma sha ɗaya, ɗaya ta shige yashi har yau.
Cikinsa fayau: leda biyu sirara masu zanen azurfa,
layuka jere kamar kunyoyin gero a hanyar Tibiri,
sai ɗan guntun allo kore, bai fi yatsa ba,
nan duk wayon yake kwance.

Kwana uku ina bin layi da tsinken mita.
In ta yi ƙara, in rubuta a bayan kwalin sukari:
wannan da wancan, hagu; wancan da na bakwai, tsalle.
Na kankare baƙin shafe da reza har jan ƙarfe ya fito,
dalma ta ƙone ni sau biyu a wuri ɗaya,
wuta ta tafi, na jira, ta dawo, na manta inda na tsaya.

Sandar tuƙi hannun birkin kabu-kabu ce,
Barmu mai walda ya ba ni, ya ce in na yi kuɗi in tuna.
Kanta ƙwallon goruba, na goge shi da takardar yashi.
Maɓallai na ƙararrawar ƙofa, shida, babu biyu masu kama ɗaya.
Kusun kwamfuta kuwa na farke masa ciki,
na ɗaure ƙaramar tayarsa mai haƙora da murfin tukunya,
ya zama sitiyari.

Yara suka zo kafin fenti ya bushe.
Tanimun da ƙanwarsa Ra'isa, kafaɗa da kafaɗa,
shi yana naushi, ita tana tsalle,
sai ɗan dambenta ya durƙusa ba wanda ya taɓa shi.
Ta ce ya cuce ta. Ya rantse har da ƙasa a baki.
In uku sun danne lokaci ɗaya,
allon kan ƙirƙiro na huɗu daga kansa.
Yara suka ce aljani ne.
Na sayo diyod na dala ashirin a kasuwa,
na sa wa kowace waya ƙofa mai buɗewa gefe guda,
aljani ya tattara kayansa.

Ranar Laraba da la'asar sai ga Gwaggo da lema.
Ta leƙa cikin akwatin, wayoyi ja da shuɗi kamar hanjin kaza,
ta ce, wannan abin bai taɓa sanin ƙa da ɗa ba,
Ɗan Ƙane nawa na mayar Dan Kane da shi,
masu sunan suna tsaye, ba sa cewa komai.

Ra'isa ta kama hannunta ta ɗora a kan goruba.
Yatsun nan da suka san inda kowane harafi yake a duhu
suka yi ta lalube.
An kayar da ita cikin minti ɗaya.

Ta kwance bakin zane, ta ciro dala biyar,
ta aje a kan katako da ƙarfi,
ta ce wa Tanimun, matsa can,
wanne ne naushin?