Casa'in da Ɗaya

A Wunti, daura da masu facin taya,
Kawu Barau na gina lemo kan tebur.
Sahu shida, shida-shida, shi ne tushe,
ashirin da biyar suka hau kansu,
sha shida, tara, huɗu,
sai guda can ƙoli kamar ladan.

Na ƙirga, casa'in da ɗaya.
Na ce, Kawu, lambar nan taurin kai gare ta,
irin da malaminmu ke cewa ba su rabuwa.
Na gwada biyu, ashe mara ce.
Na gwada uku, na gwada biyar,
kullum ɗaya na tsaye gefe
kamar baƙon da tabarma ba ta kai gare shi ba.

Kawu bai taɓa riƙe alli ba.
Ya goge wuƙa da bakin riga,
ya rushe ginin,
ya kasa bakwai, sha uku-uku,
ko ɓawo bai yi saura ba.

Ya ce, yaro, ka fito daga rijiya
saura taku biyu ka tarar da ruwa.
Ya fere mini guda, na tsotse.
Saura casa'in,
wadda kowa ya zo sai ta rabu.