Abin da Gwaggo Hakama Ta Faɗa wa Mai Rikoda

Zauna kan turmin nan, yaro, kujerar ta tafi gidan biki.
Ka ce aiko ka aka yi
ka tono salsalar Tanimu,
wanda Turawa ke tsalle in ya buɗe baki,
suna kiran abin da yake yi rok.
To, kunna na'urarka. Amma kada ka sa ran jin makaɗa.

Kalangu bai taɓa kwana a gidan nan ba.
Maƙera ne mu
tun ba a fasa titin Birnin Kudu ba.

Kakan kakansa, Cindo,
mai yatsa shida a hannun hagu,
daga gabas ya zo da tama a mangala,
da jaki guda, da matar da ba ta jin Hausa.
Ya kafa uwar maƙera a gindin tsamiyar can,
ya buga sau ɗaya, ya saurara,
ya ce a sauke kaya.

Cindo ya haifi Barmo,
wanda masaba ta kurmantar tun bai yi furfura ba.
In zai ce a miƙo gishiri
sai ka ce da mutumin ƙetaren kogi yake,
mu kuwa muka tashi muna amsa masa haka.
Ko sannu da zuwa a gidan nan tsawa ce.
Rubuta wannan.

Barmo ya haifi Nomau, ubanmu,
shi kam kalma goma ta ishe shi yini,
garma da lauje suka yi masa sauran maganar.
Innarmu Tabawa ce matsalar.
Ran da ƙawaye suka raka ta duwatsu za ta yi aure,
ta dinga bugun dutsen nan mai amo
har tafin hannunta ya fashe,
ango na jira, ita tana dariya.
In gero ya yi kai, ita ke korar jan-baki,
ihu ɗaya, gona ta tashi sama baƙi ƙirin.

Sai ƙanena Shekarau, uban yaron.
Allah ya jiƙansa, yana da wuyar sha'ani.
Ya kama Tanimu a bayan rumbu
da galan ɗin man gyaɗa, da wayar birkin keke,
yana ta ƙwaƙule-ƙwaƙule maimakon zuga.
Ya cusa abin cikin gawayi,
ya ce yaron ya zuga da hannunsa.
Ya zuga.
Bai yi kuka ba, wayar kawai yake kallo tana ja.

Yana sha bakwai ya hau motar riɗi.
Legas muka ji, daga nan sai ƙasar sanyi.

Bara jikata ta kunna min shi a waya.
Awaki suka tsinke igiya.
Na ce ta sake.
Wallahi ga masabar Barmo nan a ƙasa, dim, dim,
ga zugazugai suna huci,
can kuma da ya ɗaga murya ya tsage ta
na waiga ina neman gonar gero,
shekara talatin da binne Inna.

Abu ɗaya ya rage, in za ka iya ɗauka.
Da Shekarau ya rasu muka share maƙera,
a bayan tulun sanyaya ƙarfe
muka tarar da ƙunshin tsumma.
Wayoyi ne, shida,
ya ja su da kansa, daga mai kauri har siririya kamar gashi.
Bai faɗa wa kowa ba. Bai san adireshi ba,
ko ya sani girman kai ya hana.

Ka gaya masa kuɗi sun iso, ga shanun can.
Ba wannan nake nufi ba.
Rufin maƙera na yoyo,
wayoyin sun fara tsatsa.

Kashe abin nan haka, zan ɗora tukunya.