Dutsen da Ke Cikin Ruwa

Shagona na Bur Sudan, bayan kasuwa,
inda iskar teku ke lasar kwanon rufi har ya yi ja.
Babu allo a ƙofata. An san ni.
Duk abin da ya sha ruwan garin nan ya ƙware
wurina ake kawo shi.

Da hantsi Hajja Kandala ta aiko jikanta
da butar lantarki cikin buhun sikari.
Wai tun azumi take gunaguni,
sai an gama addu'ar bayan salla, an gaji da jira,
kafin ta tafasa ruwan jabana.
Na buɗe. Ciki fari fat,
ɓawo bisa ɓawo,
sai ka ce an yi mata daɓe da farar ƙasa.
Na ce wa yaron: ba mutuwa ta yi ba,
dutse ta haɗiya.

Ya yi dariya. Dutse a ruwa?
Ya tari kofi a famfo, ya ɗaga shi ga hasken ƙofa,
garau, ko ƙwayar yashi babu.
To ai haka yake, ɗana. Zartsi ba ya sallama.
Baƙo ne mai farin kaya,
ya shigo ya gaishe ka, ya fita,
kullum ya mance da abu ɗan ƙanƙane a ɗakinka,
ran da ka farga, babu wurin shimfiɗa tabarma.

Dubi can. Injin wankin Attahiru direba,
bai cika shekara biyu ba yana tarin tsofaffi.
Kan shawa mai huda sittin, saura bakwai ke hawaye,
su ma kowacce da alƙiblarta.
Dutsen guga da ya tofa wa liman alli a jallabiya
ranar Juma'a, ana saura kaɗan a hau mumbari.
Ciyawar kula ta sandare kamar busasshen kifi,
ta daina sanyaya kowa, sai ƙara.
Sabulu kuwa ya yi yaji tuntuni,
ka cuɗa, ka cuɗa, ya hana ka kumfa
kamar ka zo rance.

Maganina ba na kanti ba ne.
Lemun tsami, ruwan khal, da haƙurin kwana guda.
In na zuba, sai in kasa kunne:
tsss, dutse na ba da haƙuri.
Batula ta ce na ƙarar mata da lemun miya
a kan butocin mutane.

Wani lokaci, ina kankara da bakin cokali,
kakana ke faɗo mini.
Daga Haɗeja ya taso a ƙasa, da sanda da niyya,
ya iso gaɓar nan jiran jirgin Jidda.
Kwana kaɗan, in ji shi.
Ayari ya wuce, wani ya zo ya wuce,
kowanne ya bar mutum ɗaya, biyu,
har muka zama unguwa.
Mu ma abin da ruwa ya bari ne.
Shi ya sa ba na zaginsa da ƙarfi.

Bara likita ya nuna mini hoton cikina,
ga 'yar tsakuwa kwance a ƙoda.
Ya ce ba lallai laifin famfo ba ne.
Na yi shiru. Shekara talatin ina ganin irin wannan aiki,
na san hannun magini.

Gobe yaron zai dawo.
Zan ɗauraye butar sau uku, in jona ta a gabansa,
ta tafasa kafin ya gama gaisuwa.
Zai ce, shi ke nan ta warke?
Zan ce, gai da Hajja,
kuma kada ka yar da buhun.
Bayan babbar salla za ka neme shi.