Ƙyaure da Rariya

Likita ya ce ƙyauren zuciyarka ya gaji, Ilu.
Bawul, in ji shi. Ka yi dariya,
ka ce shekara sha tara kana jan tasi a Leicester
ba ka san kai ma taya ba ne.

Ranar Talata suka tsaga ƙirji, suka sa na ƙarfe.
Da ka farfaɗo na kara kunne:
ƙas, ƙas, ƙas,
kamar agogon lefena.
Na kira Zariya na ce a share hawaye, a ɗora tukunyar sadaka.

Daren Juma'a gumi ya keto maka
ana sanyin da ke sa taga kuka.
Ka ce, Zuwaira, wa ya ɗora min turmi?
Koren layin allo ya shiga rubutun da ban iya ba.
Nas ta iya. Ta danna ƙararrawa.

A baranda wata likita ta zana min a bayan ambulan:
ga sabon ƙyaure, ga jijiya biyu dab da shi,
su ke shayar da zuciyar kanta.
Bakin ɗaya ya matse.
Na gane. A gidanmu na Tudun Wada
magini ya taɓa gyara ƙofar zaure, ya toshe rariya.
Damina ɗaya, katanga ta zauna.

Ashe mai raba wa jiki jini
ba ta kurɓa daga tulun da ta ɗauko,
sai an kai mata nata ta lungu.

Na sa hannu a takarda ban karanta ba.
Garin neman gira, na fara,
na haɗiye sauran.
Suka bi ta wuyan hannunka da siririyar waya,
suka tokare jijiyar da 'yar raga.
Sau biyu shayin inji yana hucewa a hannuna.

Yau kwana arba'in.
Ganye ya rufe gilashin motarka a ƙofar gida.
Ƙwaya bakwai da safe, ka ce sun fi kunun yawa.
In za ka hau bene
sai ka tsaya a mataki na shida, wai kana duba fenti.

Da dare ina jin ƙas-ƙas ɗin har ta cikin bargo.
Amma wannan ƙyaure ne, shi ke da baki.
Rariya ba ta magana.
Ita nake kwana saurare.