Sandar Awo

Kullum da asuba, kafin ladani ya sauke murya,
nakan ɗaga murfin ƙarfe a tsakar gidan mai,
in zura sandar awo cikin duhu.
Sanda ba ta san kunya ba, ba ta san maigida ba.
Ta fito a jiƙe, in karanta, in rubuta.

Lita talatin da bakwai sun ɓata. Jiya arba'in.
Ba mota ta sha ba, ba babur ba,
famfo a kulle ya kwana,
makulli a aljihun Alhaji Nomau.
"Sahabi, man ga ƙahwa garai?"
Wata huɗu yana yanke mini albashi.
'Yan kabu-kabun tashar Jega suka raɗa mini Mai-jarka.
Na haɗiye. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Bayan katangarmu Inna Kuluwa ke dama koko,
da ruwan rijiyar da mijinta ya bar mata, gaba tara.
Masu saye suka fara kurɓa ɗaya su ajiye ludayi.
Akuyarta ta sunsuna kwano, ta juya baya.
Ran nan guga ya fito
da bakan gizo kwance a fuskar ruwa,
ga rana tsaka, ko gajimare babu.
Ta ce sammu ne. Ta zuba rubutu, ta yi sadakar waina.

Sai ga Injiniya Rifkatu, 'yar Zuru, daga Birnin Kebbi,
da takalman roba da kwalabe cikin ƙanƙara.
Ba ta tambayi wa ya sata ba.
Ta ce, shekarun tankin nan nawa a binne?
Alhaji ya ce ya girmi ɗansa na fari.
Taku nawa daga nan zuwa rijiya?
Muka auna ni da ita, sittin da biyu.
Ta damƙi ƙasa ta murza: rairayi,
ba yumɓun da zai ce wa mai, dakata.
Da damina ruwa yakan hau zuwa ina?
Inna ta nuna gansakuka a bangon rijiya,
wurin da hannun yaro zai kai da gajeriyar igiya.

Ta karɓi littafina mai maiƙo a gefe,
ta bi lambobin da yatsa, dare bayan dare.
Ta ce, ɓarawo yakan yi fashi wata rana.
Wannan bai taɓa yi ba.

Da aka tone, ni na fara gani:
tsatsa ta ci cikin tankin daga ƙasa,
huda ɗaya, ba ta fi ƙwayar dawa ba.
Alhaji ya daɗe a tsugune.
Ya ce Allah shi kyauta. Bai dube ni ba.
Kuɗina har yau ba mu yi zancen ba.

An shafa jan fenti a bakin rijiya bakwai.
Inna Kuluwa na sayen ruwa wurin 'yan garuwa,
kokonta ya ƙara kuɗi, ya rage kauri.
Mai-jarka ya fita daga bakin mutane,
na zaci zan ji sanyi.

Amma kafin ta tafi, Injiniya ta zana kibiya
a bangon littafina na baya.
Ta ce ruwan ƙasa ma gangara yake, zuwa fadama,
tafiyar hawainiya, shekara da shekaru,
kuma abin da ya ɗauka ba ya saurin ajiyewa.
Na bi kibiyar da ƙafa bayan la'asar.
Ta ratsa garejin Ɗantani, ta wuce makarantar firamare.
Na tsaya da ƙirga a taku ɗari uku da goma,
inda matata ke jan ruwa,
'yata riƙe da moɗa tana jira.